Wayoyin da Leonard Bai Cire Ba

Duk wanda ya yi aure a Kafanchan daga wajen 2008 zuwa yau, ko ya binne wani nasa, da wuya bai ga ƙanena Leonard ba. Shi ne dogon nan mai sanƙo da ke tsayawa a gaban fasto da kyamara a kafaɗa, ya tare wa dangin amarya gani, ana ce masa ya matsa yana yi kamar ba da shi ake ba. Ni ce Roseline, yayarsa. Na girme shi da shekara tara, ni na goya shi, ni na koya masa karatu kafin ya shiga aji ɗaya, saboda haka ina da hurumin faɗin abin da zan faɗa a kansa.

Babanmu Nicholas ma'aikacin reluwe ne, ɓangaren lantarki. Aikin ne ya ɗauko shi daga Fadan Kagoma ya kawo shi Kafanchan, a kwatas ɗin reluwe muka tashi. Baba yana da wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da wayoyin wuta, ja da baƙa da shuɗiya, kowace a naɗe kamar gammo. Bai taɓa jefar da ko taƙi ɗaya ba. In ya tsinci guntuwa a bakin layin dogo sai ya kakkaɓe ta ya sa a aljihu. Yakan ce waya ba ta tsufa sai in ɓera ya ci ta. Da ya rasu muka raba kayansa, ni na ɗauki Littafi Mai Tsarki da agogon bango, Leonard ya rungumi akwatin nan ya kai shagonsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shagon yana bakin kasuwa, jikin na Alhaji Jamiluddeen mai atamfa, wanda kakanninsa ke ciniki a wurin tun zuwan jirgin ƙasa. Shekara goma sha biyar suna maƙwabtaka, suna raba shayi da tsiya. Leonard ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amarya mai ƙurajen fuska takan fito a bidiyonsa kamar an wanke ta da madara. Matsalarsa ita ce nawar aiki. Abu ba ya barin hannunsa sai ya gamsu, kuma ba ya gamsuwa. Alhaji Jamiluddeen yakan ce wa angwaye in sun zo karɓar bidiyo, "Ku koma gida, in an kawo goron suna ku biyo, wataƙila lokacin ya kammala." Sau biyu na san maganar ta tabbata.

Mamanmu Hulda ta koma Fadan Kagoma bayan rasuwar Baba, ta kama noman citta da 'yar gonar acca. A Zumuntar Mata ta majami'a ita ke ba da waƙa, amma ba waɗannan ne suka dame mu ba, don suna cikin littafi. Akwai wasu da ta koya a wurin kakarta, da yarenmu, na niƙa da na gona da na rarrashin yaro, da wata doguwa mai jero sunayen gidanmu tun daga wanda ya fara sare dajin. Mu 'ya'yan kwatas Hausa da Turanci muka tashi da su. Yaren muna ji, amma in muka mayar sai tsofaffi su yi ta dariya. Babu ɗayanmu da ya riƙe ko baiti biyu. Ita kuwa Mama Hausarta ta kasuwa ce da ta majami'a, kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji.

A Kirsimetin 2021 Leonard ya zo gida da sabuwar kyamara, irin mai fitar da hoto har ka ƙirga furfurar mutum. Ya zaunar da Mama a gindin mangwaro, kusa da rumbu, ya maƙala mata ɗan makirfo a wuyan riga. Kwana biyu yana ɗauka. Ta yi waƙa, ta yi bayani, ta manta wani wurin ta koma baya, ta yi wa kaji tsawa ta ci gaba. Awa huɗu da wani abu ya samu. Ranar farko na ji daɗinsa ƙwarai, har na ƙara masa nama.

Da ya koma Kafanchan sai labari ya sauya. Wai kwamfutarsa ba ta iya ɗaukar nauyin hoton sabuwar kyamara, in ya buɗe sai Mama ta riƙa tsalle-tsalle, baki na motsi murya na baya. Abin da ake buƙata wani kati ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, wanda shi ke ɗaukar wahalar hoto, su suna ce masa girafik kad. Na ce to ya saya mana.

"Sista, ba yanzu ba," in ji shi. "Sabon model na fitowa ƙarshen shekara. In na sayi na yanzu na yi asara, wata shida ya zama tsohon yayi."

Nan muka shiga jiran gawon shanu. Leonard ya zama malamin kati. Ya san sunan kowane, ya san ranar da aka ce za a sanar da na gaba, ya san wane Bature ya gwada wane ya ce ya cancanci kuɗinsa. Da rana tsaka za ka same shi ya bar aikin mutane yana kallon wani saurayi a intanet yana buɗe kwali. Da sabon ya fito a ƙarshen 2022, sai ga labari cewa bakin wayar da ke ba shi wuta yana narkewa a wurin wasu. Ƙanena ya zo har gidana da hoton wani baƙin abu a murtuke, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Kin gani ko? Da na yi rosh na saya da yanzu shago ya kama wuta, har atamfar Alhaji. Bari su gyara kebul ɗin tukuna."

Na ce ya sayi na da ɗin, tunda yanzu ya sauko. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce a yi miyar kuka ranar biki. Yana jira naira na faɗuwa, duk lokacin da hannunsa ya kusa kaiwa sai abin ya ƙara hawa sama. In ya kusa kuma sai a ce wani na tafe wanda ya fi. Garin neman ƙiba ake samo rama, na faɗa masa wannan ya fi sau goma.

Sau biyu Mama ta tambaye shi a gabana. "Liyo, yaushe zan ga kaina a talabijin?" Ya ce ta ƙara haƙuri, so yake ya fito da ita fes. Ta ce, "To, ka yi da jiki, ni ba yaro ba ne." A watan Agustan 2023, ana tsakiyar ruwa, hawan jini ya kwantar da ita kwana huɗu, ta koma ga Ubangiji. Ba ta ga kanta a talabijin ba.

Ya yi alkawari a gaban dangi cewa ranar sujadar tunawa da ita, in shekara ta zagayo, za a kalla. Shekara ta zagayo, aka kafa rumfa, matan Zumunta suka zo da anko, Leonard ya kunna mana hotuna marasa motsi da kiɗan fiyano a ƙasa. Ranar na wanke shi tas a bayan rumbu, ban rage masa komai ba. Na ce uwarsa ta mutu tana jiran wani ƙarfe da ko ganinsa bai taɓa yi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza hular hannunsa.

A farkon 2025 wani sabon ya sake fitowa, wannan karon ya sayar da babur ɗinsa ya tafi Abuja. Ya dawo ta Kagarko da Kwoi da kwali biyu a cinya, ya ƙi yarda direba ya sa su a but ɗin mota. Ɗaya katin ne. Ɗayan akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta ne, fawa fak, domin tsohon ba zai iya ciyar da sabon baƙo ba. Ya kira ni ya ce in zo ranar Asabar da safe in ga abin da na daɗe ina zaginsa a kai.

Mu huɗu ne a shagon: ni, da shi, da matarsa Serah, da Alhaji Jamiluddeen da ya bar atamfarsa ya leƙo. Na yi addu'a, Alhaji ya ce Allah ya sa albarka ya kuma sa a ga bidiyon kafin tashin ƙiyama. Leonard ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya wanke hannu. Katin ya fito daga kwali, ƙato kamar bulo, da fanka uku a jikinsa. Sai aka zo kan babbar wayar nan da ta hana shi barci shekara biyu. Ya haska bakinta da tocila, ya hura, ya tura a hankali har muka ji ta ce ƙas. Ya sake haskawa ya ga ko akwai tazara ko da ta gashi ɗaya. Ya auna da yatsu kada ta lanƙwashe kusa da baki. Ya yi mana wa'azi a kai, ya ce duk waɗanda nasu ya narke ganganci ne, ba su tura har ƙarshe ba. Ko ungozoma ba ta yi wa cibiya hidimar da ya yi wa wayar nan.

Sauran ƙananan wayoyin kuwa suna nan a cikin kwamfutar tun shekarun baya, ya bi da su ta bayan ƙarfe, ya ɗaure su tsaf da zare irin ɗaurin Baba. Su ke kai wuta ga faifan ajiya guda biyu da ke ƙasa, inda duk aikinsa yake. Ya zare kawunansu daga tsohon akwatin wuta, ya soka a sabon. Suka shiga daidai, kamar don shi aka yi su. Sabon akwatin ya zo da nasa wayoyin a wata baƙar jaka. Serah ta ɗaga jakar.

"Waɗannan fa, Dadi?"

"Sifeya ne, na ko-ta-kwana. Na ciki lafiyarsu lau, me zai sa in kwance? Sa min a akwatin Baba."

Ta sa. Babu wanda ya ga laifin haka a cikinmu. Ni ma da ni ce, abin da zan yi ke nan, don a gidanmu ba a cire abu mai aiki a sa sabo.

Ya tada janareta, ya duba situbilaiza, ya danna. Fankokin katin suka juya, fitilu suka kama a jikinsa, Serah ta rangaɗa guɗa. A cikin guɗar ne na ji wani ɗan tas, bai kai ƙarar ashana ba. Sai wari, kamar an ƙona roba da gashi. Leonard ya fizge wayar bango, ya yi kan katin. Ya zare babbar wayar, ya haska, ya shinshina, ya juya ta. Fes take, ko ɗigon baƙi babu. Ya saki ajiyar zuciya ya fashe da dariya.

"Kati lafiya! Kati lafiya lau, Sista!"

Alhaji Jamiluddeen ne, da hancinsa na mai shinshina yadi, ya durƙusa ya ce, "Malam Liyo, warin nan fa daga ƙasa yake fitowa."

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Daga baya aka yi mana bayani, har na fahimta duk da tsufana. Bakin wayoyin iri ɗaya ne a ido, amma kowane kamfani da yadda yake jera wutar a ciki. Tsohuwar waya a sabon akwati ta kai babbar wuta inda ƙarama ya kamata ta je, faifan ajiyar nan biyu suka ƙone. A cikin baƙar jakar nan akwai 'yar takarda da jan rubutu mai cewa kada a yi amfani da wayar wani akwatin. Mutumin da ya yi shekara uku yana karanta duk abin da aka rubuta a kan kati bai buɗe jakar ba.

Ya ajiye waƙoƙin Mama a wuri biyu, wannan gaskiya ne, kullum yana alfahari da haka. Amma wuri biyun a kan waya ɗaya suke rataye, a cikin ciki ɗaya. Ɗan katin ajiya na cikin kyamarar kuwa tun a watan Janairun 2022 ya goge shi ya ɗauki wani aure a Zangon Kataf. Aikin shekara goma sha bakwai ya tafi, aure da jana'iza da bikin godiya, amma waɗannan masu su suna da nasu faifan a gida. Na Mama ne kaɗai babu kowa da ke da shi a duniya.

Ya kai faifan Abuja, aka canza musu allon lantarkin da ke bayansu, ba su motsa ba. Ya hau motar Legas ya kai wa wani da aka ce ko faifan da ya faɗa ruwa yana tasarwa. Bayan mako uku mutumin ya ce wutar ta wuce allo ta shiga ciki, ya yi iyakar yinsa. Leonard ya dawo ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Katin kuma, don baƙin ciki, yana aiki kamar aljani. Abin da a da yake kwana yana yi, yanzu kafin shayi ya huce ya gama. Bai ƙara ambatar sunansa ba, kuma da aka fara maganar wani sabo na tafe, Alhaji ya tsokane shi sau ɗaya, ya ga fuskarsa, bai sake ba.

Ya sauya hali, sai dai a makare. Yanzu in ya ɗauki biki, kafin ya bar wurin sai ya juye wa masu shi ɗanyen a filas, ko suna so ko ba sa so. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Fadan Kagoma yana neman tsofaffin da suka san waƙoƙin. Ya samu biyu. Ɗaya ta tuna na niƙa rabi-rabi, ɗayar ta ce ba haka ake yi ba, suka kaure da gardama a gaban kyamara. Doguwar nan ta sunayen gidanmu babu wanda ya sani, don ta gidanmu ce.

Na faɗi laifin ƙanena da yawa, kuma duk gaskiya ne. Saura nawa, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A rana ta biyu ta ɗaukar nan, ni ke girkin mutum talatin tun asuba. Azahar ta wuce, Mama ba ta ci ba, ba ta sha maganinta ba, na aika sau uku ta ce tana zuwa. Raina ya ɓaci. Na fito daga kicin da muciya a hannu, ɗankwali a karkace, na tsaya a kanta ana cikin ɗauka. Na ce waƙa za ta ci? Na ce ta dame mu da waƙoƙin mutanen da suka mutu tun tuni, in ta faɗi ni za a bari da jinya. Na juya na koma ban jira amsa ba. Da yamma 'yan'uwa suka fara cewa a juye musu, Leonard har ya ɗauko kwamfutar tafi-da-gidanka. Na ja shi gefe na ce kada ya kuskura ya ba kowa ko minti ɗaya, kada ya nuna wa kowa, sai ya yanke wurin nan. Ni shugabar makaranta ce a lokacin, dattijuwa a majami'a, ba zan yarda a riƙa yawo da ni a salula ina yi wa uwata tsawa ba.

Yanke minti biyu ba ya buƙatar wani kati, yanzu na sani. Amma Leonard ba ya taɓa abu rabi, in zai yanke sai ya gyara duka. Halinsa da umarnina suka haɗu suka rufe ƙofa. Duk wanda ya zo da filas ya ce a ba shi ko a ɗanye ne, sai ya ce masa kwamfuta ce matsala. Ranar da na wanke shi a bayan rumbu, kalma ɗaya ta ishe shi ya rufe min baki. Bai faɗe ta ba, har yau bai faɗa ba.

Makon jiya na je shagonsa da hantsi, na same shi yana haɗa bidiyon wata jana'iza. Na zauna a bencin baƙi na daɗe. Sannan na tambaye shi abin da na yi shekara huɗu ina tsoron tambaya: da na juya na tafi ranar nan, me Mama ta ce?

Ya cire abin kunnensa ya ajiye. Ya ce wurin ya kalla ya fi sau hamsin, duk da tsalle-tsallen hoton.

"Ta bi ki da ido har kika shiga kicin. Sai ta yi dariya. Ta ce, 'Ku bar Rozi, tun asuba bai zauna ba, shi kaɗai ke ɗauke da mu duka. Liyo, kashe abin nan, bari in je in ci abincinsa kar ransa ya ɓaci.'"

Ban san ta faɗi haka ba. Kusan shekara biyu tana raye bayan ranar ban ba ta haƙuri ba, ina ganin ta riƙe ni a zuciya, ni ma na yi ta kauce wa maganar. Duk tsawon lokacin abin yana nan a ajiye a bakin kasuwa, tafiyar minti goma daga gidana, ni da bakina na hana a kunna.

Na ce ya sake faɗa, yadda ta faɗa. Ya gyara zama, ya siranta murya, ya karkata kai gefe irin nata, ya sake. Bai yi kama da ita ba ko kaɗan. Na ce ya ƙara.